Motar da Ta Gagari Mai Kunne

A layin kanikawa da ke bayan tasha, in mota ta ƙi tashi, inji na juyawa yana gurnani amma ya ƙi kamawa, ba a tsayawa dogon bincike. Sai a ce, "Ku tura ta wajen Mai Kunne." Rumfarsa ce ta ƙarshe, ta kwano, da benci ɗaya da akwatin ƙarfe da kwalabe jere a kan katako. Shi kuwa gajere ne siriri, baƙin mai ya shige masa ƙarƙashin farce tun yana saurayi ya zauna daram, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

Bai iya komai ba sai mai. Ka kawo masa giya ko birki, zai nuna maka maƙwabci da haɓa. Amma in fetur ne ya ƙi isa inji, to ka zo inda ya dace. Magana ɗaya yake yi wa kowane mai mota, har an haddace ana kwaikwayonsa a wajen mai shayi: "Inji iska yake so, da wuta, da mai. In mai ne bai zo ba, kada ka tuhumi inji, shi ma jira yake. Koma baya ka biyo man tun daga tanki ka ga inda ya tsaya." Haka yake yi kuwa, taki-taki: tanki, famfo, filta, bututu, har bakin inji. Wasu kanikawan sai sun sa mutum ya kwashe rabin shagon kayan gyara kafin su dace. Shi ba ya canza ƙarfe ko ɗaya sai ya kama mai laifin da hannunsa.

Zamanin kafireta, 'yar tukunyar da ke gauraya mai da iska a tsofaffin motoci, ya koyi aiki, lokacin da bakanike ke sa tiyo a baki ya zuƙo fetur ya tofar. Man da ya haɗiye a rayuwarsa zai kai ƙaramar mota wani gari ta dawo. Da wannan bakin ya je neman aure, kuma aka ba shi, har yau mutane ba su gane abin da yarinyar ta gani ba. Ita dai ta ce cikin duk masu zuwa shi kaɗai ne in tana magana yake yin shiru ya saurara. Tela ce, harshenta da almakashinta ba a san wanda ya fi kaifi ba. Da ta gaji da rigimar mata a kan wuyan riga, sai ta koma ɗinka rigunan kujerun mota, ta kafa kekenta a gefen rumfarsa, ta ce kujera ba ta taɓa cewa an matse ta a hammata ba. Sunanta ya ɓace a layin, sai Mai Ɗinki. Ta haifa masa biyar. Biyu sun koma tun suna goye, maza biyu suka girma suka bi duniya, sai gaisuwa ta waya. Auta ce ta tsaya kusa, tana aiki a shagon magani. A rumfar nan ta yi rarrafe, matattun fiyus masu launi su ne kayan wasanta. Ta ɗauko tsayin uwar da taurin kan uban.

Da motocin kafireta suka ƙare aka shigo da masu famfon wuta a cikin tanki, tsofaffin kanikawa da yawa sun koma zaman benci. Shi kuwa a nan sunansa ya fito. Famfon nan yana ƙarƙashin kujerar baya. In an murɗa makulli rabi, kafin a ta da inji, yakan yi 'yar ƙara siririya kamar ta sauro, numfashi biyu, ya yi shiru. Sai ya ce a murɗa, ya durƙusa a ƙofar baya ya lumshe ido. Ya miƙe ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, filta ce ta toshe." Ko ya ce, "Yana yi amma da kyar, kwanansa ya ƙare." Ko kuma, "Bai ce uffan ba. A duba fiyus ɗin da ke ba shi wuta tukuna kafin a yi masa ƙazafi." A buɗe a tarar haka ne. Shekara da shekaru yana bugun ƙirji cewa babu motar da ta taɓa kwana a rumfarsa don mai ya ƙi isa injinta, kuma babu wanda ya isa ya ƙaryata shi.

To, kunne ba ƙarfe ba ne. Maƙwabcinsa na dama mai gyaran jikin mota ne, guduma daga safe har yamma, a hagunsa kuma janareto. Kunnen hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali kamar baƙon da ba ya son a ga fitarsa. Magana yana ji, in an ɗaga murya kuma yana kallon bakin mai yi. Amma ƙarar sauron nan ta tafi ba sallama. Bai gaya wa kowa ba. Namiji zai gaya maka yunwarsa kafin ya gaya maka wannan.

Wata rana aka turo wata farar mota. Ya durƙusa, ya lumshe ido, ya miƙe ya ce famfo ya mutu. Mai Ɗinki tana kan kekenta, taku shida daga wurin. Ta cire ƙafa daga keken.

"Maigida, zo ka riƙe mini bakin yadin nan."

Ya zo yana ƙunƙuni. Ta matso da baki daidai kunnensa na dama.

"Famfon nan yana yi. Tun daga nan na ji shi."

"Ke kuma yaushe kika zama bakanike?"

"Ranar da ka zama kurma."

Ya dube ta kamar ta watsa masa ruwan batir. Ya koma wajen motar ya ce wa mai ita bari ya sake ji, guduma ce ta cika masa kai. Aka cire filta aka same ta cunkushe da tsatsa. Ranar bai taɓa abinci ba. Washegari da safe tana ɗaura ɗankwali ta ce, "Ka gama fushin? To zauna ka ji yadda za a yi."

Ga yadda aka yi. Duk motar da aka turo, sai Mai Ɗinki ta taso da tef ɗin awo ta faɗa kujerar baya, wai tana aunawa ko mai mota zai so sabuwar riga. Shi ya durƙusa ya lumshe ido yadda ya saba, amma ya bar 'yar kafa yana kallonta. A murɗa makulli. In ta rataya tef a kafaɗa, famfo lafiya. In ta naɗe shi a yatsa, yana yi da kyar. In ta sake shi a kan kujera, shiru ne. Ba sai an koya mata ba, shekara ashirin tana jin ƙarar nan ta gefen kekenta, ta san ta fiye da muryar surukarta. Masu mota suka riƙa cewa matar nan akwai naci a kan ciniki, ko ka zo da kujera sabuwa fil sai ta auna. Ta bar su da faɗa. Shekara bakwai suna haka. Har wani mai ƙarfi a jika ya buɗe rumfa a layin da akwatin da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, aka sa masa Mai Kwamfuta. Yakan leƙo ya ce, "Baba, yau kunnenka ko akwatina?" Tsohon ya ce, "Akwatin naka yana jin warin gurɓataccen mai?" A yi dariya. Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai tana cizon zare.

Sai ciwo ya shigo. Wani ƙullutu ne a cikinta, ta ɓoye shi wata biyar, don ita ma ba ta fi mijin ba wajen ɓoye abu. Da Auta ta gano, aka ce sai babban asibiti, tafiyar awa huɗu. Shi ya kai ta da kansa a motarsu, wata tsohuwar doguwar mota da ya saya a gawa ya raya ta, fentinta ya koɗe amma kujerunta ko na attajiri albarka. Sau biyu ana kwantar da ita. Kowane zuwa sai ta yi makonni a gado cikin baƙin fuskoki, ana ɗura mata ruwan magani mai sa amai, ta dawo ta ragu. Gashi ya zube, abinci ya koma mata kamar auduga. A zuwa na biyu likita ya ja Auta bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya. Ya manta, ko dai bai sani ba, cewa wadda ke kwance tana jin ƙarar famfo ta cikin soso da ƙarfe. Ya ce abin ya bazu, za a iya sake gwadawa amma ba ya alkawarin komai. Aka ba su rana ta uku: za a riƙe mata gado zuwa sha biyun rana, in ba su zo ba a ba wani, kuma layin na gaba sai bayan watanni.

Da suka dawo gida ta ce wa Auta ba za ta koma ba. Auta ta fashe da kuka ta toshe mata baki da hannu, ta ce, "Inna, kada in sake ji." Ta gaya wa mijin sau uku. Sau ukun yana juyo mata kunnen hagu yana neman wani abu a aljihu. Wanda ba ya son magana ko kunnensa huɗu ba zai ji ba, balle wanda ya sami hujja.

Ana gobe tafiya ya wanke motar, ya cika tanki, ya ta da ita ta kama tun kafin ya saki makulli. Da yamma Mai Ɗinki ta ce a kama ta ta zauna a ciki, ta ga rigar kujerar direba ta ɓarke a gefe, ba za ta shiga gari da abin kunya ba. Ya ji daɗi har cikin ransa da ya ga allura a hannunta. Ya bar ta ita kaɗai tana ɗinki ya shiga gida.

Da gari ya waye aka zuba kaya a baya, bokiti da tabarma da kwanuka. Auta ta kwantar da uwar a kujerar baya ta sa mata matashi, ta zauna gaba. Ya murɗa makulli. Motar ta kama, ta yi numfashi uku, ta mutu. Ya sake murɗawa. Inji ya juya, ya juya, babu labari.

Ya yi murmushi ya daki sitiyari. "Yau kuma ni za ki gwada?"

Ya buɗe bonet. Ya cire wayar fulogi ya kusantar da ita ga ƙarfe, Auta ta murɗa, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Wannan lafiya. Ya zuba fetur cikin murfin kwalba a maƙogwaron inji, ta kama ta yi tari ta sake mutuwa. To, mai ne ba ya zuwa, an shigo gonarsa. Allurar mai tana kan cike, shi ya cika da hannunsa. Ya zagayo ƙofar baya ya durƙusa. Babu baƙo a wurin, don haka bai lumshe ido ba.

"Tsohuwa, ji mini. Auta, murɗa rabi."

Auta ta murɗa. Babu tef a hannun Mai Ɗinki. Ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora a kafaɗa.

"Yana yi?"

Ta gyaɗa kai.

Shekara bakwai hannun nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, don haka bai waiwayi famfo ba, ya yi gaba. Ya zare tiyon da ke shiga inji ya sa bakin tiyon a kwalba, aka murɗa, ko ɗigo. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, da shekarunsa da ciwon bayansa, ya kwance filta ya sa a baki ya hura. Iska ta wuce fes. Ya bi bututu da yatsu tun daga baya har gaba yana neman inda ya lanƙwashe ko dutse ya daka, babu. Ya hura shi ma, iska ta fita ta ɗaya bakin har ta ta da ƙura. Ya fito ya sake cewa ta ji masa. Ta sake ɗora hannu a kafaɗa.

Rana ta fara hawa. Maƙwabta suka fito ɗaya-ɗaya suna sannu, kowa da shawararsa, har da wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. Auta ta dubi agogon wayarta.

"Baba, in kira motar haya."

"Ina raye, da mota a ƙofar gida, a ɗauki uwarki a motar haya? Ba ni minti goma."

Wannan karon girman kai ne zalla, babu gauraye. Abin da ya rage masa shi ne cikin tanki, ko tiyon ciki ya tsage man yana komawa inda ya fito. Sai an ɗaga kujerar baya. Ya ce wa Mai Ɗinki ta daure ta tashi kaɗan. Ta ce jiri take ji, a bar ta. Sai ya cusa hannu ta ƙarƙashin bakin kujerar yana laluben murfin famfo, ya ga ko ƙusoshin za su kwantu a haka. Tafinsa ya sauka a kan ƙarfen mai sanyi. Ya tsaya. Famfo in yana yi, ko kurma zai ji rawarsa a tafin hannu.

"Auta, murɗa rabi."

Ƙarfen bai motsa ba.

"Mayar. Sake."

Shiru, kamar murfin tukunya a kan ƙasa. Ya ɗago ya dubi matarsa. Ita kuwa rufin motar take kallo kamar an yi mata zane a wurin.

Ya ce Auta ta sauka ta ɗebo masa ruwa ya wanke baki, kuma ta haɗa wa uwarta shayi tunda an daɗe. Da ta shige gida, ya tsugunna ƙarƙashin sitiyari ya ɓalle murfin akwatin fiyus. Layi na biyu, na uku daga hagu. Rami ne wayam. Fiyus in ya ƙone a wurinsa yake ƙonewa, ba ya fita yawo. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya koma ƙofar baya, ya shigar da rabin jikinsa ya kare ta daga idon maƙwabta.

Ba ta da muryar da zai ji daga nesa. Ta kamo wuyan rigarsa ta jawo kunnen dama zuwa bakinta, ɗaya hannun yana kwance ƙullin bakin zaninta. Ga fiyus ɗin nan, ɗan shuɗi, bai kai ƙwayar wake biyu ba.

"Na ji abin da likita ya gaya wa Auta. Kai ma an gaya maka, ka yi kamar ba da kai ake ba. Na faɗa maka da baki sau uku."

"Tsohuwa, ko Allah zai sa a dace..."

"Allah ya san hanyar gidan nan. Ba na son in ƙare a ɗakin da ban san muryar kowa ba. Ina son inda nake jin ƙarar ƙofata." Ta huta, ta ja numfashi. "Shekara bakwai ina ji maka. Yau ɗaya kai ma ka ji mini."

Ya waiwaya. A aljihun gaban motar akwai akwatin ashana cike da fiyus, shi ya ajiye, kuma ta san da shi. Ƙarfe takwas ne. In ya sa ɗaya ya mayar da filta yanzu, ya taka sosai, za su isa.

"Kuma kada ka gaya mata," in ji ta. "Za ta ce na zaɓi in bar ta. Gara ta yi fushi da kai, kai kana nan, za ku shirya. Ni ba ni da lokacin shiri."

Ya dubi abin a tafinta. Ya sa baƙaƙen yatsunsa ya naɗe nata a kan fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da murfin akwatin fiyus, ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta a kan kwali, ya riƙa kwance abin da bai yi laifin komai ba.

Auta ta fito da shayi. "Baba, yaya?"

"Minti goma."

Ta yarda. Abin da ya fi ciwo kenan. Tun tana goye take jin ana cewa mota ba ta gagarar ubanta, to don me za ta kira wani? Ya sake cewa minti goma, ta sake yarda. Wajen ƙarfe tara ta kasa daurewa ta kira Mai Kwamfuta, ya zo a kan babur da akwatinsa a rataye.

"Baba, sannu da aiki. Bari in jona, ba don ka kasa ba, don sauri."

Tsohon ya san akwatin nan zai tona komai kafin shayi ya huce. Ya fito daga ƙarƙashi ya tsaya a ƙofar direba da sifana a hannu.

"Motar uwarka ce? Wanda ya taɓa ta ban yafe ba."

Maƙwabta suka dubi juna. Mutumin da bai taɓa zagin ko kare ba. Mai Kwamfuta ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ya hau babur ɗinsa.

Ƙarfe goma Auta ta kira direban haya, ya ce ko tashi zai yi sama ba za su isa kafin biyu ba. Ta kira asibiti ta roƙa, aka ce akwai masu jira a ƙasa. Sai a lokacin Mai Kunne ya ajiye sifana a kan bonet, ya goge hannu da tsumma, ya dubi maƙwabta ya faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa:

"Ta gagare ni."

Auta ta tsaya a gabansa, ta tabbatar yana kallon bakinta. "Baba, girman kanka ya fi maka Inna." Ta sunkuci uwar ita kaɗai, don ba ta da nauyin da za a yi taron dangi, ta shige da ita. Da ya miƙo hannu zai kama ƙafa ta ture shi da kafaɗa.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama layin kanikawa: motar kansa ta gagari Mai Kunne. Wani ya ce ai dama ya daɗe da lura tsohon ba ya ji. Wani ya ce shi ya fi daɗewa da lura. Haka mutane suke, in bango ya faɗi kowa ya ga tsagar tun bara. Aka daina turo mota rumfar ƙarshe. Shi ma bai sake leƙawa ba.

Kwana goma sha tara Mai Ɗinki ta yi. An jawo mata gado kusa da taga, tana kwance tana bayar da labarin gidan da kunne: wannan takun Auta ne, ta dawo da wuri, famfon wanka na ɗiga, wani ya bar shi, ƙofar nan dai har a tashi duniya ba za ka sa mata mai ba, bakaniken banza. Yakan zauna a bakin gadon ya sunkuyo da kunnen dama, ta yi ta zuba, abin da bai ji ba ya gyaɗa kai. Wata rana ta sa aka kawo mata tef ɗin awo ta rataya masa a wuya ta ce ya yi kama da telan da ya ci kuɗin mutane, ta yi dariya har ciwon ya taso. Auta na jinyarta dare da rana. Uban kuwa sai ta dire masa kwano ta wuce, ko sannu. Ya karɓa ya ci. Da hantsi Mai Ɗinki ta cika, Auta na riƙe da hannu ɗaya shi yana riƙe da ɗaya. Bai ji numfashin ƙarshe ba, a fuskar 'yarsa ya gani.

'Ya'yan maza biyun suka zo suka yi kwanakinsu suka koma. Motar tana nan a ƙofar gida, tiyo na lilo a ƙarƙashinta, kaji na kwana a inuwarta. Shi kuma ya sa benci a gefenta, nan yake wuni. Masu wucewa su gaishe shi su yi gaba suna girgiza kai.

Bayan wata guda Auta ta zauna ninke kayan uwar za a rabar. A bakin wani tsohon zani ta ji ƙulli mai tauri, an ɗaure shi sau biyu. Ta ɗauka ɗan kunne ne. Ta kwance da haƙori. Fiyus ya faɗo mata a cinya. Da wata 'yar ce da ta ce tarkace ne ta share, amma wannan a rumfa ta girma. Ta ɗaga shi a hasken taga, 'yar wayar cikinsa tana nan lafiya, bai ƙone ba. Ta dubi zanin. Shi ne wanda uwar ta ɗaura ranar tafiya.

Ta fito ba takalmi. Ta wuce uban a kan benci, ta buɗe ƙofar direba ta tsugunna ta ɓalle murfin. Ta ga ramin. Ta zo ta durƙusa a gabansa ta buɗe hannu.

"Baba, ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe takwas."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana kuka, shi yana kallon farcensa. Da ta sami baki ta ce, "Kuma ka bar ni na gaya maka abin da na gaya maka? A gaban mutane? Wata biyu ina dire maka kwano kamar..."

"Ita ta ce. Ta ce ni ina nan, za mu shirya."

Ya tashi da kyar ya jawo kwalinsa ya shige ƙarƙashin motar. Ya mayar da filta, ya ɗaure bututu, ya haɗa duk abin da ya kwance ranar, yana miƙo hannu tana sa masa sifana ba tare da ya faɗi lamba ba. Ita ta danna fiyus ɗin a raminsa. Ya zauna a kujerar direba, kan rigar da aka ɗinke gefenta da ƙananan ɗinki masu kyau.

"Shiga baya ki kwanta. Ki sa kunne a kujera."

Ta kwanta inda uwar ta kwanta. Ya murɗa rabi. Ta ji shi, siriri kamar sauro, numfashi biyu, ya yi shiru.

"Yana yi, Baba."

Yana kallonta ta madubi, amma bakinta na cikin kujera.

"Ban ji ki ba. In yana yi, ki ɗora hannu a kafaɗa. Haka take yi mini."

Ta ɗora hannu a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon madubin. Bai ta da injin ba. Ya mayar da makulli baya, ya goge fuska da tsumman aikinsa, ya ce, "Sake ji mini, Auta," ya murɗa rabi.